Kafin A Shuka Alfalfa A Auyo, A Fara Daraja Harawa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Haɗeja da Auyo a ƙarshen kaka zai ga wani arziki da ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Damman harawa ne jibge a kan rassan bishiya, a saman rumfuna da rufin ɗakuna, kore shar, ganyenta cike. Idan mutum ya sake bin wannan hanya a watan Afrilu ko Mayu, zai tarar labari ya sha bamban. Harawar ta yi ƙaranci, kuɗinta ya hau, wadda ta saura kuma rana da iska sun kakkaɓe mata ganye, sai kara zalla. A wannan lokaci ne mai doki ke fara cika komi da dusa da hatsi don ya rufe giɓin, ta nan ne kuma ciwon ciki da rama ke samun ƙofar shiga barga. Yanzu da maganar noman alfalfa ta fara yawo a Jigawa, ana kambama ta a matsayin ciyawar da ƙasashen Larabawa ke saye da dala, ya dace a tsaya a yi nazari kafin a kama garma. A ganina, abin da ya kamata mu koya daga masu alfalfa shi ne yadda suke busarwa, su niƙa, su cura, su adana. Ita kanta shukar, muna da 'yar uwarta a gonakinmu tun kaka da kakanni, kuma sunanta harawa.

Ba a raba ƙasar Haɗeja da doki. Auyo tana cikin tsofaffin garuruwan wannan yanki, ta yi sarautarta tun kafin masarautar Haɗeja ta haɗe ƙasar a ƙarƙashin tuta ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 19, a zamanin Sarki Buhari, mahayan Haɗeja ne suka sa sunan garin ya zama abin shakka a duk gabashin daular Sakkwato, kuma a kan dawaki mutanen Sarki Muhammadu suka tari Turawa a shekarar 1906. Sarautu irin su Madaki da Shamaki shaida ne cewa kula da doki aiki ne na hukuma, mai tsari da shugabanci. Yau yaƙi ya wuce, amma doki bai sauka daga matsayinsa ba. Shi ne adon hawan sallah, shi ne na kilisa da sukuwa da rakiyar ango, kuma ana cinikinsa a manyan kasuwanni irin ta Maigatari. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Wannan girmamawa ta shafi duk masarautun da ke da irin wannan al'ada, kuma tana ɗora mana nauyi. Kwalliyar sirdi da linzami ta yini ɗaya ce, amma cikin doki yana neman haƙƙinsa kowace rana ta shekara.

Kafin a yi gardama kan wace ciyawa ta fi, sai an san yadda Allah Ya halicci cikin doki. Tumbinsa ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinsa, bai cika wuce lita 15 ba. Ba ya tuƙa kamar saniya ko tunkiya, ba ya kuma iya amai, don haka duk abin da ya shiga sai ya bi hanya har ƙarshe. Ainihin narkar da ciyawa yana faruwa ne can baya, a cikin babban hanji, inda ƙananan halittun da ido ba ya gani ke sarrafa zare-zaren ciyawa su mayar da shi ƙarfi. Tumbin yana fitar da ruwa mai tsami dare da rana, ko da abinci ko babu, yawun da ke rage kaifin wannan tsami kuwa ba ya fitowa sai lokacin tauna. Shi ya sa dokin da aka saka a daji yake shafe awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo kaɗan-kaɗan. Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi cewa doki na buƙatar busasshiyar ciyawa da ta kai aƙalla kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyin jikinsa kowace rana. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan yana buƙatar sama da kilo 5 na ciyawa ko harawa, kafin a zo maganar hatsi. Duk tsarin ciyarwar da ya saɓa wa wannan halitta, komai tsadarsa, cutarwa ce.

A nan ne matsalar bazara take. Idan harawa ta yi tsada, abin da ya fi sauƙin samu shi ne dusa, da dawa, da gero, da masara. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya yakan wuce ƙaramin hanji bai gama narkewa ba, ya faɗa babban hanji ya yi tsami, ya kashe halittun nan masu amfani. Sakamakonsa shi ne kumburin ciki da murɗa, wani lokaci har da ciwon kofato mai gurgunta doki. Ita kuma dusa tana da wata illa ta ɓoye. Sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, na kalsiyam kuma ya yi mata kaɗan, alhali ƙashin doki yana so kalsiyam ya rinjayi fosfaras da kusan ninki biyu. Idan aka daɗe ana ɗura wa doki dusa ba tare da abin da zai daidaita ta ba, jikinsa zai fara zaro kalsiyam daga ƙashi, fuska ta kumbura, ƙafa ta riƙa ɗingishi ba tare da rauni ba. Turawa sun daɗe da sanin wannan ciwo, har suka laƙaba masa sunan cutar dusa, domin a wurin dawakin masu injin niƙa aka fi ganin sa. Kanwar da muke jiƙa wa dawaki tana da amfaninta, amma mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, ba za ta cike gurbin kalsiyam ba. Abin da ke cike wannan gurbi cikin sauƙi shi ne ganyen tsirrai dangin wake, kuma alfalfa da harawa duk 'yan wannan gida ne.

Alfalfa ba baƙuwar doki ba ce. Asalinta yankin Farisa ne da tsakiyar Asiya, kuma tarihi ya nuna rundunar Farisa ce ta kai ta ƙasar Girka wajen shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, a matsayin abincin dawakin yaƙi. Sunan da duniya ta san ta da shi ma daga Larabci ya shiga harshen Sifaniya. Shuka ce mai doguwar saiwa da ke shekaru a gona, ana yanka tana tohowa, tana kuma ƙara wa ƙasa taki kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Busasshiyarta mai kyau tana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ga kalsiyam mai yawa. Bincike ya nuna tana taimakawa wajen rage tsamin tumbin doki, abin da ya sa masu dawakin tsere ke son ta. To amma abin da ya mayar da ita hajar duniya shi ne sarrafawa. Ana yanke ta kafin ta tsufa, a busar da ita yadda ganye ba zai zube ba, a niƙa, a ɗan jiƙa ta da tururi, sannan a matse ta ta cikin ƙarfe mai huji-huji ta fito 'yan gajerun sanduna masu tauri, kamar abincin kifi na kamfani amma sun fi shi kauri. Wannan curarren abinci yana cin wuri kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ɗaurarriyar ciyawa ke ci, yana jure ajiya, ana kuma auna shi da sikeli a san abin da dabba ta ci.

Idan aka ajiye harawa kusa da alfalfa a ma'auni, tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Harawar wake da ta gyaɗa, idan an ɗebe su da wuri aka busar da ganyensu a jiki, sukan ba da furotin kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari, kuma su ma suna da kalsiyam mai yawa. Baligin dokin da ba ya aiki mai tsanani yana wadatuwa da kashi 8 zuwa 10, mai aiki kuma 10 zuwa 12. Ke nan harawa mai kyau ta riga ta wuce abin da dokin hawa ke buƙata. Busasshiyar ciyawar daji a tsakiyar rani kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 5, shi ya sa ba ta riƙe dabba ita kaɗai. Akwai darasi a abin da wasu ƙasashe suka yi. A jihar Fulorida ta Amurka, inda zafi da laima ke hana alfalfa sakewa, manoma sun koma ga wata 'yar uwar gyaɗa mai daɗewa a gona, suna yanka ta suna sayar wa masu dawaki a madadin alfalfa. A Senegal, harawar gyaɗa babbar haja ce da manyan motoci ke kaiwa Dakar don dawakin amalanke da ragunan layya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Ƙasar da ke da wannan matsayi bai kamata ta ɗauki kanta matalauciya a fannin abincin dabbobi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Raunin harawa yana wajen riƙo ne. Mafi yawan amfaninta a ganye yake, ganyen kuma shi ne farkon abin da ke zubewa: wajen ɗauri, wajen lodi a amalanke, wajen jifa kan rumfa, wajen saukewa. Rana tana cinye korenta, ruwan farkon damina yana sa ta fumfuna, gara da ɓera suna ɗibar rabonsu. A ƙasa irin ta Auyo akwai ƙarin barazana, wato ambaliya. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja a shekarar 2022 ya san cewa dami ba ya gudun ruwa, amma buhu ana iya ɗora shi a kwalekwale. Sannan girman dami yana sa kuɗin mota ya cinye riba, shi ya sa harawa ke araha a ƙauye lokacin kaka, ta yi tsada a birni lokacin bazara da gabanin babbar sallah, ribar kuma ta tafi aljihun wanda ke da wurin ajiya. Curawa tana magance waɗannan duka a lokaci guda. Ganye da kara suna haɗuwa a dunƙule ɗaya, dabba ba ta iya tsince wani ta bar wani, abin da ake zubarwa a ƙarƙashin komi ya ragu. Maƙwabtanmu sun riga sun gwada irin wannan tunani. Cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, ta ɓullo da hanyar niƙa karan gero da dawa a haɗa da harawa da dusa da 'ya'yan gawo da gishiri, a matse su dunƙule-dunƙule don shanu da tumaki su ci lokacin fari. Abin da ya yiwu a Maraɗi da Damagaram ba zai gagara a bakin kogin Haɗeja ba.

Mai ja zai ce: ga ruwa a Auyo, ga fili, ga masu saye a ƙasashen Larabawa, me zai hana a shuka alfalfa a samu kuɗin waje? Tambaya ce mai nauyi, domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda aka gyara da tallafin Bankin Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe shi a watan Janairu na 2023, ya shafi sama da hekta 5,000. Amma a duba halin shukar. Alfalfa ba ta son ƙafarta cikin ruwa. Kwanaki kaɗan na kwanciyar ruwa a lokacin zafi sun isa su ruɓar da saiwarta, ƙasar fadama kuwa laka ce mai riƙe ruwa, kuma ambaliya na ziyartar ta a Agusta da Satumba. Gonar da aka kashe kuɗi don ta yi shekara uku ko huɗu tana iya mutuwa a damina ɗaya. Ta ɗaya ɓangaren, tana cikin shuke-shuke mafi shan ruwa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta buƙatarta tsakanin milimita 800 zuwa 1,600, alhali ruwan saman da ke sauka a yankin Haɗeja bai cika wuce milimita 600 a shekara ba. Ragowar daga kogi ko rijiyar burtsatse zai fito, har da watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40.

Ruwan kogin Haɗeja kuwa yana da masu shi da yawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke isowa Auyo sai ya fara biyan buƙatar birnin Kano da manoman Kura da Kadawa. Abin da ya wuce Auyo shi ne rayuwar masunta da makiyaya da manoman dausayin Haɗeja da Nguru, har zuwa Gashuwa da tafkin Cadi, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa ta hana shi isa inda ake jiran sa. Ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa Larabawa ke neman alfalfa a waje. Saudiyya ta noma ta da yawa a hamada har ruwan ƙarƙashin ƙasarta ya ja baya, sai gwamnati ta taƙaita noman ɗanyar ciyawa, matakin da ya kankama a ƙarshen 2018. Kamfanoninta suka koma noma a wasu ƙasashe. Ɗaya daga cikinsu, Fondomonte, reshen kamfanin madara na Almarai, ya yi ta noman alfalfa a jihar Arizona ta Amurka, har a watan Oktoba na 2023 gwamnatin jihar ta soke masa hayar fili bayan ƙorafin jama'a kan ruwan da ake zuƙewa. Wanda ya sayar da alfalfa, ruwansa ya sayar a cikin buhu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan ba ya nufin a rufe wa alfalfa ƙofa. Ana noma ta a Sudan da Masar, akwai kuma irin da ke jure zafi. A kan tudu mai jigawa inda ruwa ba ya kwanciya, tana iya samun gurbi, musamman don shanun madara da goɗiya mai shayarwa da duƙushi mai tasowa, waɗanda buƙatarsu ta furotin ta fi ta sauran. Abin da hankali ke so shi ne a fara da ƙananan gonakin gwaji, a auna ruwan da ta sha da abin da ta bayar, a gwada da na wake da gyaɗa a fili ɗaya, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Muna da cibiyoyin da aikinsu ke nan: cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, ofishin IITA na Kano da ya daɗe yana fitar da irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare, ga kuma kwalejin Binyaminu Usman a nan Haɗeja. Waken rani yana nuna cikin wata biyu zuwa uku, ya ba mutum abinci, ya ba dabba harawa, ya bar wa ƙasa taki, ya kuma sauka daga gona kafin ruwa ya zo. Duk shukar da ke son ta karɓi filinsa, sai ta nuna ta fi shi a wannan lissafi gaba ɗaya.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda tsofaffin masu barga za su kawo, kuma suna da gaskiya a cikinsa. Za su ce doki dabbar tauna ce, idan ka ba shi niƙaƙƙen abu ya cinye cikin mintoci, me zai yi da sauran yininsa? Haka ne. Dokin da ke cin curarren abinci zalla yana gamawa da wuri, yawunsa ya ragu, tumbinsa ya zauna fayau cikin tsami, ya fara gwaguyar turke da cin ƙasa don kewa. Mai haɗama kuma yana iya shaƙewa idan ya haɗiye shi a bushe. Amsar ita ce a san matsayin kowane abu. Curarriyar harawa ta zo ne ta maye gurbin wani kaso na dusa da hatsi, da kuma cike giɓin bazara. Doguwar ciyawa, ko ingirici ne ko harawar dami, dole ta ci gaba da zama a gaban doki, aƙalla rabin abin da yake ci na ciyawa. A raba abincin sau uku ko huɗu a rana. A jiƙa shi da ruwa ya yi laushi kafin a zuba, musamman ga tsohon doki da haƙoransa suka lalace, wanda shi ne ma ya fi kowa cin moriyar wannan abinci. A shigo da shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, domin canjin abinci farat ɗaya yana cikin manyan sababban ciwon ciki. Ruwan sha kuma kada ya yanke, don doki a zafin bazara yana iya shan lita 40 ko fiye a rana.

Ƙorafi na uku shi ne na amana, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Damin harawa ba ya ɓoye aibinsa: mai saye yana gani, ya shinshina, ya murza ganye a hannu. Abin da aka niƙa aka cura kuwa, sai mai injin da Allah suka san abin da ke ciki. Marar tsoron Allah zai iya cusa buntun shinkafa, da ruɓaɓɓiyar harawa, da sharar masussuka. Harawar gyaɗa tana zuwa da yashi a saiwarta, yashi kuma yana taruwa a hanjin doki ya toshe shi, don haka sai an kakkaɓe an tankaɗe kafin niƙa. Ragowar gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, masara mai fumfuna kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar doki. Mafi haɗari shi ne haɗa abincin dabbobi daban-daban a inji ɗaya. Takin yuriya da ake sa wa a wasu dunƙulen shanu bai dace da doki ba, wani magani kuma mai suna monensin da ake zubawa a abincin kaji da shanu, ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe doki ta hanyar lalata zuciyarsa. Saboda haka kada mai doki ya taɓa ba dokinsa abincin da aka haɗa don kaji ko shanu. Maganin algus shi ne buhu mai suna da adireshin wanda ya yi, da jerin abin da ke ciki, da ranar da aka cura, tare da sa idon hukumar NAFDAC da likitocin dabbobi na jiha. Sana'ar da aka fara da ha'inci ba ta kai shekara biyu.

Ƙananan dabbobin gida ma maganar ta shafe su, domin kiwon zomo da ɓeran Masar ya yaɗu a hannun matasa da matan aure. Haƙoran waɗannan dabbobi ba sa daina tsiro muddin suna raye, ciyawa mai tauri ce ke goge su. Zomon da aka tsare a keji ana ba shi dusa da curarren abinci kaɗai, haƙoransa za su yi tsawo su soki dasashi, ya daina cin abinci. Game da alfalfa da harawa kuma akwai iyaka. Suna da kyau ƙwarai ga 'ya'yan zomo da uwa mai ciki ko mai shayarwa. Baligin zomon da ba ya haihuwa kuwa, jikinsa yana tsotse kusan duk kalsiyam ɗin da ya ci ya fitar da rarar ta fitsari, idan ya yi yawa sai fitsarin ya yi kauri kamar alli, har tsakuwa ta fito a mafitsara. Irin wannan zomo ciyawa ta fi dacewa ta zama mafi yawan abincinsa, harawa ta zama ƙari. Ɓeran Masar yana da wata buƙata ta daban: jikinsa ba ya haɗa bitamin C, don haka dole a riƙa ba shi ɗanyen ganye kullum.

Saura mai cewa doki abin alfarma ne na sarakuna da masu kuɗi, me ya sa za a ɓata tunani a kansa alhali talaka na neman abin da zai ba akuyarsa? Ai injin da zai cura wa doki harawa shi ne zai yi wa ragon layya da saniyar tatsa da shanun huɗa, sai dai a bambanta haɗin a kuma tsabtace injin. Mai doki shi ne mai sayen da ke iya biyan farashi mai kyau tun farko, kuɗinsa ne zai tsayar da sana'ar da ƙafarta har ta kai ga mai akuya biyu. Sannan a kwarin Haɗeja ana tara karan shinkafa da na alkama mai yawa bayan girbi, wani ma ƙone shi ake yi. Shi kaɗai ba ya ƙosar da dabba, amma idan aka niƙa shi da harawa ya zama abincin shanu da tumaki mai riƙe su har faɗuwar ruwa. Ƙarin abincin dabbobi a bazara yana rage dalilin da ke tura garke cikin gonar rani, wanda shi ne tushen rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya. Gaskiya ne inji yana da tsada, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma manoman da ke aikin noman rani na Auyo suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma ƙungiyar da ta iya raba ruwa tsakanin ɗaruruwan gonaki za ta iya riƙe injin niƙa da rumbun ajiya.

Tun a watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, kuma babu kiwon da zai bunƙasa ba tare da abincin rani ba. Kirana ga gwamnatin Jigawa shi ne, kafin a ware manyan filaye da ruwa mai yawa ga shukar da za a loda a jirgi, a kafa ƙananan wuraren busarwa da niƙa da cura harawa a Auyo da maƙwabtanta, a ɗora su a kan tudu inda ambaliya ba ta kai. Masarautar Haɗeja da hakimanta, waɗanda su ne manyan masu barga, su zama farkon masu saye, su kuma gindaya sharaɗin inganci. Manomi ya ɗebe harawarsa kafin ganye ya zube, ya busar da ita a inuwa, ya ɗaga ta daga ƙasa. Mai doki kuma ya auna abin da yake zubawa a komi, ya tuna cewa ciyawa ce gaba, hatsi na biye. Ba a fafe gora ranar tafiya: abincin da doki zai ci a watan Mayu, a watan Oktoba ake tanadinsa.